BABI NA HUƊU: JIGON YANKE ƘAUNA DAGA DIMOKURAƊIYYA A WAƘOƘI DA KALMOMIN SIYASA NA ƘARAYE DA ROGO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin siyasar jam'iyyu a ƙasar Kano tun daga shekarar 1950. A wannan babi kuwa za a yi nazarin jigo guda ɗaya wanda ya yawaita a bakin jama'ar ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, wato yanke ƙauna daga mulkin dimokuraɗiyya. Za a dubi tushen wannan jigo, da yadda waƙoƙin siyasa suka ɗauke shi ko suka kauce masa, da kuma kalmomin da jama'a suke amfani da su wajen bayyana shi. Daga nan za a kwatanta lamarin da abin da ya faru a ƙasashen Gabashin Turai bayan rushewar mulkin gurguzu, sannan a auna hujjojin masu begen jiya domin a ga inda suka yi ƙarfi da inda suka yi rauni.

4.1 Tushen Jigon

Ƙaraye da Rogo suna yammacin Jihar Kano, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Mafi yawan mutanensu manoma ne, saboda haka abin da suke auna gwamnati da shi bai wuce taki da hanya da asibiti da makaranta da farashin amfanin gona ba. Manomi irin wannan shi ne talakan da jam'iyyar NEPU ta ce domin sa aka kafa ta a ranar 8 ga Agusta, 1950. Alkawarin da NEPU ta yi wa talaka shi ne sawaba, wato sauƙi daga haraji da aikin tilas da danniyar hukumar En'e.

Wannan alkawari ya sami damar tabbata a shekarar 1979, lokacin da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kafa gwamnati a Kano ƙarƙashin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi. Gwamnatin ta soke haraji da jangali, ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci a 1980, ta kuma kai wutar lantarki garuruwan karkara. Sai dai tafiyar ba ta yi nisa ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. A watan Yuni na 1981 aka tsige Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, a ranar 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzomar Kano wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, soja kuma suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ranar ƙarshe ta wannan shekara.

Daga nan za a iya fahimtar cewa yanke ƙaunar da ake ji a yau tana da mafari. Ba a yanke ƙauna sai daga abin da aka taɓa sa wa rai. Talakan ƙasar Kano ya taɓa ganin ƙuri'arsa ta ɗauke masa haraji cikin ɗan lokaci, saboda haka ma'aunin da yake auna gwamnatocin da suka zo daga 1999 ma'auni ne mai tsauri.

4.2 Yadda Waƙa ta Kauce wa Jigon

Masana irin su Haruna Abdullahi Birniwa, wanda ya kwatanta waƙoƙin NPC da NPN da na NEPU da PRP a kundinsa na digiri na uku a 1987, sun nuna cewa waƙa ita ce babban makamin jam'iyyun Arewa. Idan aka dubi waƙoƙin marubutan NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, za a ga cewa babban jigonsu shi ne wayar da kai. Akwai yabo da zambo a cikinsu, amma a matsayin ƙananan jigogi masu yi wa babban jigo hidima. Abin da ake tallatawa shi ne aƙida da jam'iyya, kuma marubucin kansa ɗan jam'iyya ne wanda duk abin da ya sami sauran 'yan jam'iyya na ɗauri ko duka zai iya samun sa.

Waƙoƙin da ake sakawa a motocin kamfe da wayoyin hannu a Ƙaraye da Rogo daga 1999 zuwa yau sun juya wannan tsari. Yabon ɗan takara ya zama babban jigo, zambo ga abokin hamayyarsa ya biyo baya, manufar jam'iyya kuwa in ta sami shiga to a ɗango ɗaya ko biyu ne. Dalilin haka a fili yake. Waƙar sitidiyo tana cin kuɗi, kuma ɗan takara ne yake biya. Wanda ya biya kuɗin kiɗa kuwa ba zai so a rera masa kukan talaka ba, sai fa in kukan zai zama sanda a kan abokin gabarsa.

A nan ne raunin waɗannan waƙoƙi yake. Suna ambaton yunwa da tsadar taki da lalacewar hanya, amma kullum a matsayin laifin ɗaya ɓangaren. Da zarar maigidan mawaƙi ya hau kujera, sai yunwar ta ɓace daga waƙa alhali tana nan a cikin gidaje. Haka kuma idan maigida ya koma wata jam'iyya, mawaƙi yakan bi shi, har ya zamana wanda aka yi wa kirari bara shi ake yi wa habaici bana. Alal misali, Dauda Kahutu Rarara, wanda garinsu yake ƙaramar hukumar Ɗanja ba nisa da ƙasar Rogo, shi ne fitaccen mawaƙin Muhammadu Buhari a zaɓukan 2015 da 2019, amma a ƙarshen 2023, bayan Buhari ya sauka, ya fito fili ya soki mulkin nasa. Ko da sukar gaskiya ce, zuwanta bayan aiki ya ƙare ya rage mata daraja a kunnen mai sauraro, domin ihu ne bayan hari.

Ba za a ɗora wa mawaƙa laifin duka ba. A 2019 an kama Naziru M. Ahmad a Kano bisa zargin sakin waƙoƙi ba tare da izinin hukumar tace finafinai ba, abin da jama'a da yawa suka danganta da siyasa. Mawaƙin da ya ga haka dole ya yi taka-tsantsan. Ta fuskar salo ma, waƙoƙin zamani sun fi na da saurin shiga kunne, kuma sun ƙware wajen sarrafa habaici da siffantawa. Abin da suka rasa shi ne amincewar mai sauraro. Ana rawa da su, ana haddace amshinsu, amma ba a ɗaukar su shaida.

4.3 Kalmomin da Suka Ɗauki Jigon

Da yake waƙa ta kauce, sai jigon yanke ƙauna ya koma cikin maganar yau da kullum, a majalisun hira da kasuwanni da shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo. Kalmomin zamanin NEPU da PRP su ne sawaba da 'yanci da aƙida da gwagwarmaya da nasara, waɗanda dukkansu suna nuni ga abin da jama'a za su samu tare. Kalmomin yanzu kuwa ga kaɗan daga cikinsu:

(a) Romon dimokuraɗiyya. 'Yan siyasa ne suka fi amfani da wannan furuci domin nuna ayyukan da suka yi, amma furucin da kansa ya tona asiri. Romo shi ne ruwan da aka dafa nama a ciki. Idan rabon jama'a romo ne, to akwai wanda ya tsame tsokar.

(b) Ubangida da yaro. Wannan dangantaka ce ta barantaka wadda ta girmi siyasar jam'iyyu. Shigarta cikin siyasa ta nuna cewa ɗan takara yana ganin wanda ya tsayar da shi ne ya ba shi kujera, saboda haka shi zai yi wa biyayya kafin masu ƙuri'a.

(c) Sauya sheƙa. Sheƙa gidan tsuntsu ce, wadda yakan bari idan lokacinta ya wuce. Kwatanta jam'iyya da sheƙa ya nuna cewa wurin fakewa ce ta ɗan lokaci. A zamanin NEPU wanda ya bar jam'iyya ana kallon sa a matsayin wanda ya ci amana, yanzu kuwa labari ne na kowane mako.

(d) 'Yan jagaliya da sojojin baka. Na farko matasa ne da ake ɗauka domin ihu da tayar da hankali a wurin taro, na biyu kuwa masu shiga rediyo ne su kare ubangida. Duka biyun sana'a ce, wato ana biyan mai yin ta.

(e) Taliya. Sunan abinci ne da ya zama sunan sayen ƙuri'a, tare da atamfa da sabulu. Ƙanƙantar abin da ake bayarwa ita ce ma'aunin yadda darajar ƙuri'a ta faɗi a idon mai saye da mai sayarwa.

(f) Inkonkulusib. Wannan kalma ta shigo Hausa daga zaɓen gwamnan Kano na 2019 wanda hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba. Daga baya aka riƙa amfani da ita cikin raha ga duk lamarin da ake zargin an murɗe shi a ƙarshe.

Karin maganar da ake yawan jawowa su ma hanya ɗaya suka bi: duk kanwar ja ce, an gudu ba a tsira ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Abin lura shi ne dukkansu suna magana ne a kan canjin da bai canja kome ba. Wannan ya dace da tarihin jihar, domin mutanen Kano sun sauya jam'iyyar da ke mulki a 2003 da 2011 da 2023, sun kuma yi ruwa sun yi tsaki wajen canjin 2015 a tarayya. Mutanen da suka riƙa cewa a kasa, a tsare, a raka, ba za a ce ba su gwada ƙuri'a ba.

4.4 Abubuwan da Suka Ƙarfafa Jigon a Ƙaraye da Rogo

Akwai al'amura biyu da suka shafi wannan yanki kai tsaye. Na farko shi ne batun masarauta. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Ƙaraye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun, sannan a watan Yuli na shekarar ta kafa Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Wannan bincike ba ya ɗaukar ɓangare a kan wanne ne daidai. Abin da ya shafi jigon da ake nazari shi ne, cikin shekara biyar an sauya matsayin yankin sau uku, kowane karo majalisar dokoki ta zartar da doka cikin 'yan kwanaki, kuma babu karon da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin mazauna yankin. Wanda ya yi murna a 2019 da wanda ya yi murna a 2024 darasi ɗaya suka koya, wato a birni ake yanke hukunci.

Na biyu shi ne zaɓen ƙananan hukumomi, wanda ya kamata ya zama mafi kusa da manomi. A 2018 da 2021 jam'iyyar APC mai mulkin jihar a lokacin ta lashe dukkan kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44, a 2024 kuma NNPP ta yi haka nan. Zaɓen da kowa ya san sakamakonsa tun kafin a buga takardun ƙuri'a ba zai koya wa jama'a darajar ƙuri'a ba. Idan aka haɗa wannan da tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ba abin mamaki ba ne a ji ana cewa gara jiya. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya ma sun nuna haka, domin masu fitowa zaɓen shugaban ƙasa sun ragu daga kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa kimanin 44 a 2015, da 35 a 2019, da 27 a 2023.

4.5 Kwatanci da Gabashin Turai

Bayan faɗuwar katangar Balin a 1989 da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, mutanen Gabashin Turai sun karɓi dimokuraɗiyya da ɗoki. Amma ta zo musu tare da sayar da masana'antun gwamnati da rashin aikin yi da hauhawar farashi, wasu 'yan ƙalilan kuma suka kuɗance cikin dare ɗaya. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2009, kashi 72 cikin ɗari na mutanen Hangari sun ce yawancin jama'a sun fi shan wahalar tattalin arziki fiye da zamanin gurguzu. A Jamus ta Gabas har kalma aka ƙirƙira, Ostalgie, domin begen tsohon zamani. A cikin wannan yanayi ne Viktor Orban ya dawo mulki a Hangari a 2010, ya kuma bayyana a 2014 cewa yana son gina ƙasa wadda ba ta bin tafarkin sassaucin ra'ayi irin na Yammacin Turai.

Kamannin da ke tsakanin wuraren biyu shi ne, a kowannensu an gabatar da dimokuraɗiyya a matsayin maganin talauci, sai ta zo tare da janye hannun gwamnati daga tallafa wa jama'a. Saboda haka jama'a suka haɗa laifin kasuwa da na ƙuri'a suka ɗora wa dimokuraɗiyya. Amma akwai bambanci babba. Mutumin Hangari ya rayu shekara arba'in ƙarƙashin gurguzu, yana tuna aikin yi da gidan gwamnati, yana kuma tuna 'yan sandan ciki da tankokin Sobiyet na 1956. Manomin Rogo bai taɓa zama ƙarƙashin gurguzu ba. Mulkin PRP shekara huɗu kawai ya yi, a cikin tsarin jari-hujja, kuma ko da kwamitin siyasa da Janar Babangida ya kafa ya ba da shawarar bin gurguzu a 1987, gwamnati ta ƙi. Ke nan Bature yana begen rayuwar da ya yi, Bahaushe kuwa yana begen alkawarin da ba a gama cika masa ba.

Wannan bambanci yana taimakawa wajen fahimtar tutocin Rasha da wasu matasa suka ɗaga a birnin Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, 2024, shekara guda bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Rashar da aka ɗaga tutarta ta bar gurguzu fiye da shekara talatin kafin wannan rana. Saboda haka tutar ba ta ɗauke da wata aƙida. Habaici ne da aka yi da ƙyalle, kamar yadda kishiya takan yabi baƙo domin maigida ya ji.

4.6 Auna Hujjojin Masu Begen Jiya

Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ta wannan fuska begen jiya shaida ce ingantacciya a kan halin da ake ciki, amma shaida ce mai rauni a kan yadda jiyan take. Masu begen soja sukan kafa hujja da madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992 zamanin Babangida. Sai dai gwamnatin da ta gina ta ita ce ta kawo shirin SAP a 1986 wanda ya karya darajar naira, ita ce kuma ta soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. A ƙarƙashinta babu ranar da talaka zai iya cewa ya gaji a sauka. Masu begen PRP kuma sukan manta cewa rikicin shugabanni ne ya raba ta, kuma Rimi da kansa ya bar ta ya koma NPP a 1983. 'Yan bangar siyasa ma ba yau aka fara su ba, domin tun shekarun 1950 ake da 'Yan Mahaukata a Kano.

Rauni na biyu shi ne jigon yakan wanke mai zaɓe sarai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Taliya ba ta zama kalmar siyasa ba sai da aka sami mai karɓa. Gaskiya ne yunwa ba ta barin mutum ya yi dogon tunani, amma talakan NEPU ya fi na yau talauci, kuma ya jure ɗauri da kora daga gari a kan ra'ayinsa. Abin da yake da shi wanda na yau ya rasa shi ne jam'iyya mai rassa a ƙauyuka wadda take karantar da shi, yake kuma tara mata kuɗi da kansa.

Duk da haka, idan aka duba kalmomin da aka kawo a 4.3, za a ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da take zagin ƙuri'a ita kanta. Dukkansu suna kuka ne da waɗanda suka saye ta ko suka murɗe ta ko suka ci amanarta. Mai cewa an yi masa maguɗi ya yarda ke nan cewa akwai zaɓe na gaskiya wanda aka hana shi. Hatsarin da ke akwai shi ne idan aka daɗe a haka, masu tasowa waɗanda ba su ga 1979 ba, ba su kuma ga mulkin soja ba, za su daina bambanta tsarin da masu riƙe da shi, kamar yadda ya faru a wasu ƙasashen Gabashin Turai.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa jigon yanke ƙauna daga dimokuraɗiyya a Ƙaraye da Rogo ya samo asali ne daga alkawarin sawaba wanda aka fara cikawa a 1979 aka kuma bari a hanya. An ga yadda waƙar siyasa ta tashi daga wayar da kai ta koma yabon mai biya, har jigon ya bar ta ya koma cikin kalmomi da karin magana, waɗanda suka fi ta faɗin gaskiya domin babu mai biyan kuɗinsu. An kuma ga cewa kwatanci da Gabashin Turai yana da amfani matuƙar an kiyaye bambancin da ke tsakanin begen abin da aka rayu a cikinsa da begen abin da aka yi alkawari. A babi na gaba za a dubi salon habaici da zambo a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano, da irin tasirinsu ga masu sauraro a wannan yanki.